Ɗaya Ya Zuba, Ɗaya Ya Wanke

Kawuna ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke unguwar Arba wa Nus, gabashin Alƙahira. Yayan mahaifiyata ne. Ya sha kunu, ya ce a buɗe taga, aka buɗe. Ya yi shahada, ya tafi. Ina riƙe da ƙafarsa.

Kafin azahar layinmu ya cika. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "To, yanzu wa zai ce mini gishiri ya yi yawa?" Mai gadin benenmu, Bamisire, ya zauna a matakala yana kuka kamar ubansa ne. Hajiyoyin Kano da suka zo sarin kaya a kasuwar Ataba suka bar buhunansu a shagunan mutane suka taho. Wani direban ofishin jakadanci, Kirista mutumin Filato, ya ajiye mota a bakin layi ya ce, "Ni da motar nan naku ne har a gama." Ɗaliban ilmi suka zo daga unguwar Abbasiya cikin fararen jallabiyoyi.

Amma gida biyu aka tsaya. Ɗalibai da surukin Kawu a inuwar wannan bango, ɗan Kawu da abokansa makaɗa a inuwar wancan. Tsakaninsu fili ne, sai keken haya mai ƙafa uku da suke kira tuktuk ke ratsawa. Ana ta'aziyya, amma idon kowa na kan ƙofar ɗakin. Abin da ake jira a gani ɗaya ne: ko za a bar ɗan Kawu ya shiga wankan ubansa. Wasu sun riga sun ce ba zai shiga ba, saboda wata waƙa da ya yi.

Ban iya dogon zance ba. Zan faɗi wane ne Kawu, da yadda ya gama wannan rigima yana kwance.

Da samartaka ya bar gida, da niyyar hajji ta ƙasa. Ya maƙale a Sudan, ya auri Inna, ya sauke farali daga baya, sannan ya gangaro Masar da mata da jaririya a goye. Kayan miya yake sayarwa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa. Matafiya ke kawo masa a jaka. Duk Bahaushen da ya gaji da wake da gurasar Misirawa, ƙafarsa za ta kawo shi ɗakin Kawu. Ba ya tambayar kowa a bayan wane liman yake salla. Sai ya ce, "Hancinka ne ya kawo ka. Zauna."

Ba ya yarda Misirawa sun fi mu miya. In aka kawo masa mulukiyyarsu, sai ya ɗanɗana ya ce, "Lalo ne. Ya zo birni ya canza suna." Shi da Inna kuwa kullum faɗan gishiri. Ya ce ya yi yawa, ta ce harshensa ne ya tsufa, ya cinye ya nemi ƙari.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana cin tuwo a rufin benenmu. Tire ɗaya ne, babba. Kawu ba ya yarda a zuba wa kowa nasa daban. Wani babban ma'aikaci ya taɓa neman cokali da kwano. Kawu ya ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai gidan abinci a titi."

Ni a wahale na zo masa. Masu bindiga sun shigo garinmu da asuba, suna kabbara. Mahaifina ne ladan. A bakin masallaci suka harbe shi. Na san yaron da ya harbe shi, mahaifina ne ya biya masa Fatiha yana ƙarami. Harsashi ya same ni a cinya, na kwanta cikin gawawwaki har suka tafi. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Na bi ta Chadi da Sudan na iso Alƙahira ina ɗingishi, kuma bakina ya rufe. Ba na magana da kowa.

Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya turo mini turmi da barkono ya ce, "Daka." Na yi ta daka yaji, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka barkono ne. Shi ya san ba barkono ba ne, bai taɓa faɗi ba. Da bakina ya buɗe, ya kai ni Ataba wurin masu ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Aikin da nake yi ke nan har yau.

Ɗansa namiji ɗaya ne, a nan aka haife shi. Larabci ya fi zama a bakinsa. Taubashina ne, don haka ba ya kirana da komai sai "bawana". Jita yake kaɗawa tare da wasu samari, Misirawa da 'yan Sudan. A bangon ɗakin Kawu akwai gurmi rataye. Kawu ya kaɗa shi da ƙuruciya, ya ajiye bayan hajji, amma bai jefar ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Ni na tsufa. Shi bai yi laifin komai ba."

Wata rana ina shanya kuɓewa a rufin bene, taubashina ya hau ya zauna. Ya ce, "Bawana, me ya sami ƙafar nan?" Na gaya masa. Shi kaɗai na taɓa gaya wa duka. Bayan wani lokaci ya zo ya ce yana so ya yi waƙa da labarin. Na ce, "Yi." Ya roƙi gurmin ubansa, Kawu ya sauko masa da shi da hannunsa.

Waƙar da gurmi take farawa, a hankali, kamar ta makiyayi. Daga nan jitar lantarki ta shigo da ƙara, da ganguna, irin kiɗan da suke kira rok. Rabi Hausa, rabi Larabci. Da yaron mai bindiga take magana: wa ya koya maka Fatiha, kuma ina ka bar shi? Tana zagin masu kafirta mutane, masu mayar da addini bulala. A tsakiya akwai baiti ɗaya na ba'a, a kan mai dogon gemu da ɗangalallen wando, wanda ke auna wandon maƙwabcinsa bai taɓa auna yunwarsa ba.

Suka sa ta a waya. Ta bazu.

A Ataba na fara jin ta a bakin mutane. Wata Hajiya da nake ɗaure wa abayoyi ta kunna ta ce, "Wallahi yaron nan ya fanshe mu. Abin da malamai suka ji tsoron faɗi a mumbari, ga shi ya faɗa da jita." Abokiyar tafiyarta ta ce, "Ke dai Hajiya. Maganar gaskiya ce, amma wannan ƙarar kamar ana saran ƙarfe fa? Da ya bar gurmin kaɗai." A motar haya wani ɗalibi ya ce kalmomin ba laifi, kiɗan ne haram. Na kusa da shi ya ce kiɗan ba shi ne damuwarsa ba, damuwarsa an ba maƙiya addini sanda. Tsofaffin mata 'yan Sudan a layinmu suna jin ta suna share hawaye, ba su damu da ko wane baiti ba. Wani tela da ya tsere daga gari irin namu ya ce ta yi sanyi da yawa, da shi ne da ya kama suna. Direban nan na Filato ya ce a garinsu ma akwai masu irin wannan zafin kai a coci, da za a fassara musu.

Ni an tambaye ni. Na ce an faɗa wa duniya cewa mahaifina ya koyar da Fatiha. Ya ishe ni.

Kawu tambaya ɗaya yake yi wa duk wanda ya zo masa da zancen, mai yabo ko mai zagi: "Ka ji ta har ƙarshe?" Yawancinsu ba su ji ba. Sai ya ce, "To je ka ji, ka dawo. Kukarka ta nawa za a ba ka?"

Surukinsa ya ji ta har ƙarshe. Shi ne mijin 'yar Kawu, ɗalibin ilmi a Abbasiya, muna ce masa Malam. Yana da gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba. Mutumin kirki ne. Lokacin da ƙafafun Kawu suka kumbura, shi yake goya shi ya sauko da shi bene zuwa asibiti. Kuma ƙanensa ma masu bindigar nan ne suka kashe shi a hanyar kasuwa, can gida.

Ranar wata Juma'a, hannuwa na cikin tire, Malam ya dubi taubashina ya ce, "Na ji waƙarka."

"Tamam, madalla. Ta yi?"

"Dube ni da kyau. Ga gemu, ga wando. Wa na kashe?"

"Ba da kai nake ba, Malam."

"Da wa kake? Jiya a tashar jirgin ƙasa yara suka bi ni suna rera baitin nan. Ƙanena da gemunsa aka binne shi. Su suka kashe shi, kai kuma ka sa ana yi masa dariya."

Taubashina ya ce, "Ku da kuka yi karatu, me kuka ce lokacin da ake yanka mutane? Kun yi shiru kuna jayayya a kan tsawon wando. Ni da ban yi karatu ba na faɗa, shi ne laifi?"

Kawu ya gama tauna lomarsa. Ya ce wa ɗansa, "Baitin gemu don a tafa maka ka sa shi. Wanda ya harbi ladan ba da gemunsa ya harbe shi ba." Ya juya ga surukinsa. "Malam, sauran baitocin ƙarya ne?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ba ƙarya ba ne, Baba. Amma…"

"Khalas, ya isa. Ku ci tuwo."

Ba su ci ba. Malam ya zare hannunsa daga tire, ya wanke, ya yi sallama. Ɗalibai suka bi shi. Taubashina ya ce ba zai cire ko harafi ɗaya ba.

Daga nan abin ya lalace. Wani ɗalibi mai zafin kai ya yi saƙon murya ya watsa, ya ce wanda ya yi izgili da sunna ya fita daga addini, kada a ci da shi, kada a yi salla kusa da shi. Malam bai faɗi haka ba. Amma bai fito ya ce ƙarya ne ba. 'Yar Kawu ta koma zuwa gaida iyayenta sai ta tabbatar ƙanenta ba ya nan. Tiren Juma'a ya koma rabi. Inna ta ce za ta rage tuwon. Kawu ya ce, "Tuƙa yadda kika saba." Abin da ya rage mai gadi da iyalinsa ke cinyewa. Haka aka shiga sanyi aka fita.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana bayan la'asar ya ce Inna ta ba mu wuri. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, matso. Kai ba ka da surutu, shi ya sa in ka yi magana za a yarda."

Na matso.

"Wankana mutum biyu za su yi. Ɗana ya zuba ruwa, Malam ya wanke. Kai ka riƙe mayafi. Ban yarda da hannu na huɗu ba."

Na ce, "Kawu, ka gaya musu da kanka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "In na faɗa ina numfashi, gardama za su yi mini. Bari sai na kwanta. Mai zuba ruwa dole ya saurari mai wankewa. Mai wankewa kuma ba ya iya komai sai an zuba masa. Su je su yi gabarsu a haka in gani."

Shi ne abin da ke cikina ranar Laraban nan, ina tsaye a ƙofa. Malam ya hau bene da ɗalibai biyu, riƙe da garin magarya da kafur da likkafani. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai saƙon muryar. Taubashina ya biyo su a baya, ya tsaya a matakala. Bai yi ƙoƙarin shiga ba. Idonsa ya yi ja. Na ga ya riga ya haƙura, kuma na san in aka rufe ƙofar nan yana waje, ba zai sake taka gidan ba, Inna ta rasa miji ta rasa ɗa.

Na tare ƙofa da hannu. Na ce, "Akwai wasiyya."

Na faɗe ta yadda aka ba ni. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Mai saƙon murya ya ce, "Subhanallah. Malam, wanka ibada ce. Mai izgili da sunna zai sa hannu a gawar Musulmi?"

Malam ya daɗe yana kallon likkafanin da ke hannunsa. Matakala ta cika da mutane. Ya ce, "Ban taɓa cewa ya fita daga addini ba."

"Ba ka ce bai fita ba."

"To yanzu na ce. Musulmi ne, ɗan Musulmi. Waƙarsa ba na son ta, har gobe. Amma uban nasa ne." Ya miƙa wa taubashina buta. "Yalla. Shigo."

Muka shiga mu uku, na rufe ƙofa.

Taubashina bai taɓa ganin wankan gawa ba. Ya ce, "Malam, ban iya ba." Malam ya ce, "Ba sai ka iya ba. In na ce zuba, ka zuba. In na ce tsaya, ka tsaya." Na riƙe mayafi a kan Kawu daga cibiya zuwa gwiwa. Malam ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya fara. Taubashina ya karkata buta, ruwa na zuba a ƙasa. Malam ya kama wuyan hannunsa ya daidaita masa butar. "A hankali. Nan. Dama tukuna."

Aka yi masa alwala. Aka zo kai da fuska. Kawu na da farin gemu, gajere. Malam ya sa yatsunsa yana tsefe shi da ruwan magarya, ɗan na zubawa. Taubashina ya tsaya yana kallon gemun ubansa a hannun surukin. Ya ce, "Malam, baitin nan…"

"Ba yanzu ba. Zuba."

Ya zuba. Aka juya shi dama, aka juya shi hagu. Ba wanda zai iya juya shi shi kaɗai, sai ɗaya ya tallafi kafaɗa ɗaya ya tallafi ƙugu. Kawunansu na haɗuwa. Aka gama da kafur. Wajen ɗaure likkafani Malam ne ya fara kuka. Ya ce, "Tsohon nan ya yi mana wayo." Taubashina ya ce, "Ai ya saba." Suka yi dariya da hawaye, a gaban gawa. Ban hana su ba. Fuskar Kawu kamar ta wanda ya ci kasuwa.

Da na buɗe ƙofa, su biyu ne a gaban makara, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka suka sauko da shi. Mutanen bangon nan da na wancan suka taso, filin tsakiya ya rufe. A jana'izarmu ba a riƙe makara, kowa karɓa yake ya miƙa wa na kusa. Na ga makaɗi mai tulin gashi ya miƙa wa ɗalibi, ɗalibi ya miƙa wa mai gadi. Mai saƙon murya ma ya sa kafaɗa. Malam ya ja salla, taubashina na bayansa a sahun farko. Sahu ya fita har titi, masu tuktuk suka kashe injin suka jira. A maƙabarta su biyun suka shiga kabari, muka miƙa musu shi.

Juma'ar da ta biyo, Inna ta tuƙa yadda ta saba. Tire bai ishe mu ba, sai da aka matsa.

Kada a ce an shirya a kan waƙar. Ba a shirya ba. Taubashina ya daina rera baitin gemu in ya hau dandali, sai wasu masu sauraro suka ce ya ji tsoron malamai. Wasu suka ce yanzu ne ta gyaru. Ta farko tana nan a wayoyin mutane, ba mai iya goge ta. Malam har yanzu yana cewa kiɗan bai halatta ba. A kan tire suke yin gardamar, da ƙarfi, hannunsu a miya ɗaya. Makon jiya Malam ya ce gishiri ya yi yawa. Inna ta jefe shi da murfin tukunya, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Laraba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ruwan da aka zuba masa ya zama sanyi a gare shi. Wanda ya taɓa cin tuwonsa ya yi masa addu'a.

Bai so a sa shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin wanda Misirawa ke binne matattunsu a ciki ba, kuma ba a sa shi ba. Yana maƙabartar da ke cikin rairayi a gabas da birni, a kabari irin na garinmu, kwance a kan damansa, fuskarsa na kallon alƙibla.